Ƙara layukan bas a Legas: kankare a tsakiyar titi ko fenti da kyamara?

Baban Amira:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina son mu tattauna maganar ƙara layukan bas a Legas. Layin BRT na farko, wato layin da aka keɓe wa manyan bas kaɗai, an buɗe shi a Maris 2008, zamanin Gwamna Fashola, daga Mile 12 zuwa CMS, kilomita 22. A 2015 aka miƙe shi har Ikorodu, sai a 2020 aka buɗe na Oshodi zuwa Abule Egba. Duk wanda ke bin Ikorodu Road da safe ya ga bambancin: bas na wucewa, sauran motoci na cirko-cirko. To amma wannan tafiyar hawainiya ce a gari mai girman Legas. Tambayata: me zai hana a daina jiran manyan kwangiloli, a shafa fenti a keɓe layi ɗaya a kowane babban titi, a kafa kyamara, shi ke nan? Masana, ku fito.

Injiniyan Hanya:
Wa'alaikumus salam, Baban Amira. Bari mu fara da abin da ya sa ake keɓe layin tun farko, don kada a ɗauka gata ake yi wa bas. Layi ɗaya na titin cikin gari mai danja yana wuce da ƙananan motoci wajen 800 a awa. Idan kowace na ɗauke da mutum biyu, mutum 1,600 ke nan. Shi wannan layin, ka sa masa bas mai tsawon mita 12 da ke cin mutum 70, ɗaya kowane minti, ka samu mutum 4,200 a awa, kuma layin bai ko yi kusa da cika ba. A Bogota ta Kolombiya, inda suka buɗe BRT ɗinsu mai suna TransMilenio a Disamba 2000, titin Caracas yana kwashe sama da mutum 40,000 a awa a hannu ɗaya, adadin da a da ake cewa sai jirgin ƙasa.

Batun fenti kuwa, yana aiki, amma a inda lambar mota ke kai ka ga mai motar. A Landan layukansu fenti ne da kyamara, takardar tara ta iske mutum har gida. A wurinmu mota nawa ce ta canza hannu sau uku, takardunta na nan da sunan mai ita na farko? Shi ya sa tun a layin 2008 aka dasa dakalin kankare mai tsayin kusan santimita 40 a wajen kashi 65 cikin 100 na hanyar. Kashi 20 fenti ne kawai, ragowar kuma bas yana cuɗanya da kowa. A waɗannan wuraren biyu na ƙarshe ne lokacin da aka tara yake zubewa.

Oga Direba Agege:
Injiniya, Allah ya ƙara sani, amma akwai abin da ba ka faɗa ba. In aka shafa fentin a layin gefe, ai nan ne rayuwar titi take. Nan danfo, ƙananan bas ɗin haya, ke sauke fasinja, nan tanka ke shiga gidan mai, nan motar kaya ke tsayawa a sauke buhuna, nan mai teburi ya kasa kayansa. Mota ɗaya ta tsaya minti biyu, bas sai ya fito ya kutsa cikin cunkoso, kuma fitowar tasa ta fi zamansa a can ɓata lokaci. Layin gefe ba zai yi ba a wuri irin Agege ko Mushin.

Injiniyan Hanya:
Gaskiyarka, Oga. Dalilin da ya sa ɓangaren Mile 12 zuwa Ikorodu da na Abule Egba aka kai su tsakiyar titi ke nan. Layin farko na 2008 ya tsira ne saboda Ikorodu Road tana da ƙananan layukan gefe, aka tura danfo can, bas ya samu gefen babban titin. Titin da ba shi da irin wannan, tsakiya ce mafita.

Ga abin da tsakiyar ke ci. Layin bas mita 3.5 kowane hannu, mita 7 ke nan. Tasha ɗaya a tsakiya da bas na hannu biyu za su yi tarayya a kanta, mita 4 ko 5. Dakalin raba hanya rabin mita kowane gefe. Ka kai mita 12 zuwa 13. Ka bar wa sauran motoci layi biyu-biyu, wata mita 13. Masu tafiya a ƙasa mita 3 kowane gefe. Jimla ta haura mita 30 a daidai tasha. In kana son layin wuce bas a tashar, ƙara mita 7. Titin da bai kai haka ba, ko dai a rage wa ƙananan motoci layi, ko a yi rusau a biya diyya. Ni a ganina rage layin ya fi adalci, domin rusau talaka yake ci.

Alhaji Mai Gwanjo:
A rage wa wa? Mu ma harajin nan muna biya. Layi uku bai ishe mu ba, sai a mayar da mu biyu? Kuma sau nawa za ka ga layin BRT wayam, babu ko bas ɗaya, mu kuma muna gasuwa a rana?

Malam Mai Lissafi:
Ranka ya daɗe Alhaji, ƙorafinka yana da tushe, kuma shi ya kashe na Delhi. Sun buɗe kilomita 5.8 kacal a 2008, masu motoci suka yi ta kuka har gaban kotu, a 2016 aka rushe shi. Gajeren layi ne da bai kai kowa ko'ina ba, danjojinsa kuma suna riƙe kowa, har da bas ɗin.

Sai dai layin da ke aiki daidai dole ya yi kama da wayam. Bas ɗaya kowane minti a gudun kilomita 30 a awa, tazarar mita 500 ke nan tsakanin wannan da wancan. Ido zai ce babu kowa, alhali ya ninka layin da kake ciki wajen kwasar mutane. Inda maganarka take da ƙarfi shi ne idan tazarar ta koma minti goma ko sha biyar saboda motoci suna gareji. A lokacin an ƙwace maka layi, an kuma bar fasinja a tsaye. Wannan laifin ba na layin ba ne, na ƙarancin bas ne, kuma shi ne ciwon da ya fi damun fasinjan Ikorodu da safe.

Ga yadda ake lissafa adadin motoci. A raba lokacin zuwa da dawowa da tazarar da ake so. Zuwa da dawowa minti 120, ana son bas kowane minti 2, bas 60 ake buƙata. Layi ya gyaru, tafiyar ta koma minti 80, bas 40 sun isa. Ashirin ɗin da suka rage ba a sayo su ba, layin ne ya bayar da su. Sai a ƙara kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana saboda masu zuwa gyara. Wanda bai ware kuɗin taya, birki da kayan gyara tun ranar sayen motoci ba, cikin shekara uku zai fara kwance wannan bas ɗin don ya tayar da wancan.

Hajiya Maman Sadiƙ:
Ku yi haƙuri in shigo da maganar tasha, don duk kuna ta layi, alhali a tasha da mararraba ake asarar lokacin. Idan ƙofa ɗaya ce, da matakala uku, ana biya a bakin ƙofa, kowane fasinja yana cin wajen daƙiƙa 3. Mutum 20 minti ɗaya ke nan cur. In bas na zuwa kowane daƙiƙa 90, bakin tashar a cike yake kashi biyu cikin uku na lokaci. Masu tsara irin wannan aiki suna son kada ya wuce kashi 40 cikin 100, domin daga nan bas ke fara yin jerin gwano a bayan juna a cikin layin da aka keɓe musu.

Maganinsa Curitiba ta Burazil ta nuna shi. Sun fara layinsu a 1974, a 1991 suka kawo tashoshin nan masu kama da bututu. A biya kafin a shiga tasha. Daɓen tasha ya yi daidai da daɓen bas, ba hawa ba sauka. Ƙofofi uku ko huɗu masu faɗi su buɗe lokaci guda. Da haka mutum 20 ɗin nan sun shige cikin daƙiƙa 10 zuwa 15. Katin Cowry da ake biyan kuɗin bas da shi a Legas ya kawar da rigimar canji, wannan ci gaba ne, amma muddin a bakin ƙofar bas ake taɓa shi ɗaya bayan ɗaya, ba a ci rabin amfaninsa ba.

Abu na biyu, ya fasinja zai isa tsakiyar titi? Gadar sama mai matakala arba'in ba ta tsohuwa ba ce, ba ta mai ciki ba ce, ba ta mai keken guragu ba ce, ba kuma ta matar da ta ɗauko kwandon tumatir daga Mile 12 ba ce. Abin da ke biyo baya kowa ya sani: a ɓalle waya, a tsallaka a guje. A babban titi irin na Legas zuwa Abeokuta gada dole ce, amma ta zama mai gangare. A titin cikin gari kuwa, tsallakawa ta ƙasa da danja da tudun rage gudu ta fi arha, ta fi kuma samun masu bi.

Oga Direba Agege:
Hajiya ta taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Ki ƙara da cewa daidaita bas da daɓen tasha gwaninta ce. Tazarar kada ta wuce santimita 10, in ta wuce ƙafar yaro na iya faɗawa. Direban da ke tsoron gurje taya zai tsaya nesa. Sai an sa dakali mai santsi da ke jan tayar a hankali, da roba a gefen daɓen, an kuma ba direbobi horo na kwanaki a fili kafin a sake su.

Injiniyan Hanya:
Haka yake. Yanzu mararraba, inda na fi so mu daɗe, domin nan ne ake samun riba mai yawa da kuɗi kaɗan.

Tunda hannun dama muke tuƙi, duk mai son shan kwanar hagu sai ya ratsa layin bas na tsakiya. Don a ba shi dama, danja takan zama mai mataki huɗu. A ce zagayen duka daƙiƙa 120 ne: bas yana da kore na 30, ja na 90. Matsakaicin jiransa a kowace mararraba wajen daƙiƙa 34. Hana kwanar hagu, danja ta koma mataki biyu a zagayen daƙiƙa 90, ja 45 kore 45, jiran ya sauko wajen daƙiƙa 11. A hanya mai mararraba 20, ka tashi daga minti 11 zuwa ƙasa da minti 4, ba ka zuba ko buhun siminti ɗaya ba. Mai son hagu sai ya wuce, ya yi dama sau uku ta bayan layi ya dawo ya tsallaka a miƙe, ko a yi masa wurin juyawa can gaba mai danjarsa. Masu ƙananan motocin ma korensu ya ƙaru, Alhaji ya lura da wannan.

Sai danja mai gane bas. Ana binne waya a kwalta ko a sa na'ura a motar. In bas ya matso kore na shirin ƙarewa, sai ta ƙara masa daƙiƙa 5 zuwa 10. Tana da amfani inda bas ke zuwa kowane minti uku ko fiye. Inda suke zuwa kowane minti, kullum akwai mai neman alfarma, sai titin da ya gitta ya toshe. Kuma duk wannan sai da wuta: danja ba sola da batir a ƙasar nan ado ce.

Inda titi ya yi ƙunci ba za a iya keɓe layi duka ba, akwai dabarar tsallake jerin gwano. A keɓe wa bas mita 60 zuwa 100 na ƙarshe kafin danja, a ba shi kore daƙiƙa 5 kafin kowa. Sharaɗin shi ne tsawon layin ya fi tsawon jerin motocin da ke taruwa a lokacin cunkoso, in ba haka ba bas ba zai ma iso bakinsa ba. A auna jerin da ƙafa, safe da yamma, mako guda, kafin a zana komai.

Kada kuma a manna tasha da mararraba. A ba da tazarar aƙalla mita 30 zuwa 40, don bas ɗin da ya gama lodi ya matsa ya jira danja, na bayansa ya samu wuri. Shataletale kuwa ba ya shiri da layin tsakiya sai an huda shi bas ya ratsa ta ciki da danja.

Ɗan Zongo Nima:
Salamu alaikum 'yan uwa. Baban Amira, abin da kake nema an gwada shi a Ankara, babban birnin Gana. A 2016 aka fara bas ɗin Aayalolo daga Amasaman zuwa cikin gari. An sayo sababbin bas masu kyau, amma layin da aka keɓe ɗan guntu-guntu ne a wasu wurare. Sauran hanyar bas da tiro-tiro, wato danfon can, cunkoso ɗaya suke sha. To me zai sa fasinja ya taka zuwa tasha ya jira, alhali tiro-tiro zai ɗauke shi a ƙofar gida su iso tare? Kuɗin shiga bai riƙe mai da albashi ba, a 2018 aikin ya tsaya na wani lokaci. Ku dubi Dakar kuma: kilomita 18 daga Petersen zuwa Guédiawaye, layi a keɓe, tasha 23, bas masu lantarki, suka fara a 2024. Su layin suka fara ginawa.

Baban Amira:
Na gode ƙwarai. To na sauka daga kan fenti zalla. Amma har yanzu ina ganin akwai tsaka-tsaki. Dole ne sai an fasa titi an zuba kankare tun daga farko har ƙarshe?

Injiniyan Hanya:
Ba dole ba ne, kuma a nan ina tare da kai. Layin 2008 ya ci wajen dala miliyan 1.7 a kilomita, kaso kaɗan na abin da irin na Bogota ke ci, don an yi amfani da titin da ke akwai. Ana iya dasa dakalan da aka riga aka zuba a masana'anta, a ɗaure su da rodi a kwalta, cikin 'yan makonni.

Inda ba a rowar kankare shi ne tasha da bakin danja. Ɓarnar da mota ke yi wa titi ba daidai da nauyinta take ƙaruwa ba: in nauyin da ke kan gatari ya ninka biyu, ɓarnar takan ninka wajen 16. Bas cike yana ɗora tan 11 zuwa 13 a gatarin baya, kuma duk tayoyin a sawu ɗaya suke bi. Ga birki, ga zafin rana, ga ɗigar man gas da ke narkar da kwalta. Kafin shekara biyu sai ka ga kwari biyu a layin, ruwa ya kwanta, rami ya buɗe, daɓen bas ya daina daidai da na tasha. A nan a zuba kankare mai kaurin santimita 20 zuwa 25 a kan daɓe mai ƙarfi, tsawon tashar da ƙarin mita 30 na wurin birki.

Dakalin ma kada a jera shi ba kafa. A bar gurbin ruwa kowace 'yar tazara, in ba haka ba layin ya zama kwalbati ranar da aka yi ruwa. A kuma bar mafita kowace mita 400 zuwa 500, da janwe mai jan manyan motoci a kusa. Bas ɗaya ya mutu tsakanin dakali biyu ba mafita, duk na bayansa sun mutu tare da shi. Gareji kuma a dubi inda za a kafa shi. Darussalam ta Tanzaniya ta buɗe layinta na Kimara zuwa Kivukoni a 2016, aiki mai kyau, amma aka gina garejin a Jangwani, cikin kwarin kogin Msimbazi, ambaliya ta riƙa shiga tana lalata motoci.

Oga Direba Agege:
Saura masu jiniya. Dakali yana hana danfo, ba ya hana mai kaki shiga ta baki. A 2012 sai da Fashola da kansa ya tare wani kanal na soja a layin. Gwamna ba zai tsaya a titi kullum ba. Da zarar babba ɗaya ya shiga, mota goma na binsa a baya. Motar asibiti da ta kashe gobara kawai ya kamata a bari. A sa ma'aikatan LASTMA, masu kula da zirga-zirgar motoci a Legas, a bakunan shiga, ba a tsakiya ba, da kyamara a goshin kowane bas tana ɗaukar lambar duk wanda ke gabansa, tarar kuma a ɗaure ta da sabunta takardun mota.

Sannan a tuna da mu. Direban danfo balas yake nema, ga kuɗin tikitin tasha, shi ya sa yake tsere da tsayawa ko'ina. In an raba shi da babban titi ba a ba shi komai ba, zai yaƙi aikin. LAMATA, hukumar sufurin Legas, ta yi dabara a 2008 da ta ba ƙungiyar direbobi ta NURTW damar kafa kamfanin haɗin gwiwa ya tuƙa motocin farko. A Johannesburg ma masu tasi aka mayar masu hannun jari a BRT ɗinsu, Rea Vaya. A ba danfo hanyoyin unguwa su kawo fasinja tasha, a ɗauki direbobi da kwandastoci aiki da albashi.

Malam Mai Lissafi:
Oga, ƙari a kan wannan: a biya kamfanin bas bisa kilomitar da ya yi a kan lokaci, ba bisa yawan fasinja ba. In bisa fasinja ne, direba zai zauna a Ikorodu sai mota ta cika, wanda ke jira a Ketu ko Ojota ya ga bas na wuce shi a cike. Kuma a samu ɗakin lura da ke ganin kowace mota, don wanda ya makara yakan tarar da tasha ta cika, ya ƙara makara, na bayansa ya cim masa, sai ka ga uku sun iso tare bayan dogon jira. Maganin shi ne a riƙe na bayan minti ɗaya a wata tasha.

Bakanon Sabon Titi:
Ina bin ku tun ɗazu, Kano nake ta hangowa. A ƙarshen 2022 an hana adaidaita sahu bin wasu manyan tituna don a ba bas wuri, ba a je ko'ina ba aka dakatar da dokar, domin motocin da za su maye gurbin ba su wadata ba. Titin Zariya da na Katsina suna da faɗi a wurare da yawa. Injiniya, in za a gwada a ɗaya daga cikinsu, da me za a fara?

Injiniyan Hanya:
Da ƙirga, ƙanena. A sa mutane a wuri uku ko huɗu a titin, daga ƙarfe 6 zuwa 10 na safe da 3 na rana zuwa 8 na dare, kwana biyar har da Juma'a, su rubuta kowane adaidaita da bas da ya wuce da adadin mutanen ciki. In masu hawa motar haya a awa mafi cika sun haura 2,000 a hannu ɗaya, titin ya cancanci a keɓe masa layi. Sai a auna faɗin titin a wurin da ya fi ƙunci, musamman gindin gadojin sama da bakin kasuwanni, don nan ne zai nuna ko tasha za ta shiga. Bayan haka a zauna da shugabannin 'yan adaidaita da KAROTA da alƙaluman a hannu, a fitar da hanyoyin da za su riƙa kawo fasinja. Odar bas ita ce ta ƙarshe, don sai an san tsayin daɓen tasha da gefen da ƙofa za ta kasance kafin a san irin motar da za a saya.

Hajiya Maman Sadiƙ:
A ƙirgar nan a raba maza da mata, a kuma rubuta masu ɗauke da kaya. A titin da ya bi ta Kwari ko 'Yankaba, bas ɗin da ba shi da wurin ajiye buhu da ƙunshin atamfa zai bar fasinja da yawa a hannun adaidaita. A cire kujeru huɗu kusa da ƙofar tsakiya a bar fili, wurin ya yi wa mai kaya da mai keken guragu.